ALLON KWAMFUTA DA LAFIYAR MAI AIKI DA SHI

Bayani domin uwayen ƙasa da malamansu na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, saboda wani kayan aiki da ya shigo ƙasar nan ya zauna, watau allon kwamfuta, wanda samari ke kira tabulet. Faɗinsa bai kai na allon karatu ba, fuskarsa gilashi ce, da yatsa a ke rubutu a kansa. Bai yaɗu a duniya ba sai daga 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fitar da irin nasa mai suna iPad. Amma yau babu hakimin da bai gan shi ba. A zaɓen 2023 kowace rumfa an kai mata na'ura irin wannan ta duba yatsa da fuska. Tun 2015 duk yaron da ke neman shiga jami'a da kwamfuta ya ke rubuta jarrabawa, don haka ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da ƙannensu na sakandare duk sun saba da shi. Ma'aikatan lafiya da masu ƙidaya su ma da shi su ke yawo ƙauyuka.  Da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara a Satumba 2021 saboda sha'anin tsaro, kowa ya ga yadda ciniki da aikin ofis su ka tsaya.

Abin da ya zama tilas haka ba a hana shi, sai dai a koyi zama da shi. Ga abin da likitoci su ka tabbatar game da cutarwarsa, da abin da ba su tabbatar ba, da kuma abin da a ke son uban ƙasa ya sa ido a kai.

IDO

Mutum mai lafiya ya kan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 cikin minti ɗaya ba tare da ya sani ba. Kowace ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido ɗan ruwan hawaye. In ya ƙura wa allo ido, ƙiftawar ta kan ragu da rabi, wani lokaci ma fiye. Sai ido ya bushe, ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. A ƙasar nan abin ya fi tsanani da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama iska busasshiya ce ga kuma ƙura. Ban da haka akwai wani ɗan nama cikin ido wanda ke ɗaurewa duk lokacin da a ke duban abu na kusa. In ya daɗe a ɗaure ya kan gaji kamar yadda hannun mai ɗauke da buta ke gajiya, daga nan sai ciwon goshi, rubutu ya riƙa rabuwa biyu.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A riƙe allon nesa da fuska kamar kamu ɗaya, kada ya gaza haka. In rubutun ya yi ƙanana a ƙara girmansa, kada a jawo allon kusa. Bayan kowane minti 20 malami ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan ƙafa 20 ko fiye, misali itace a ƙofar fada, har sakan 20, ya ƙifta ido da gangan. Kada a yi aiki cikin tsakar rana inda haske ke dawowa daga gilashin, kada kuma a yi cikin ɗaki mai duhu allon na ƙyalli shi kaɗai.

Yawancin uwayen ƙasa sun wuce shekara 40, kuma daga wannan shekara idon kowa ke fara kasa karanta ƙananan baƙaƙe. Ba allon ya jawo wannan ba, girma ne. Allon dai tona shi ya ke yi. Wanda ya ga haka ya tafi a auna shi a ba shi tabarau daidai da idonsa, a Babban Asibitin Talata Mafara ko asibitin tarayya na Gusau, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin ido na Kaduna ko na ECWA da ke Kano. Abu biyu ne a ke gargaɗi a kansu. Na farko, maganin ɗigawa da a ke saye a kanti ba da takardar likita ba: waɗansu daga ciki suna kawar da jan ido nan da nan, amma in an daɗe a kansu suna iya ta da hawan jinin ido, wanda ke makantarwa ba a warkewa. Na biyu, tabarau da 'yan kasuwa ke tallarsu wai suna tare shuɗin haske. Likitocin ido ba su ga alamar hasken allo na ƙona ido ba, ba su kuma ga wani amfanin kirki ga waɗannan tabarau ba. Kuɗin ya fi kyau a kai shi wurin awo.

Sha'anin yara dabam ne, ya kuma fi nauyi. Idon yaro yana cikin girma. In ya tashi kullum yana duban abu na kusa cikin ɗaki, ƙwayar idon ta kan yi tsawo fiye da kima, sai ya zama ba ya ganin nesa, kuma ba ta komawa. A manyan biranen Sin da Koriya da Singafo, kamar 8 cikin 10 na masu gama sakandare haka su ke. A tsibirin Taiwan, tun 2010 aka umurci makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 kowace rana, aka kuwa ga cutar ta fara ja da baya, domin hasken rana na tsare idon yaro. Yaron da ke kiwo ko ya ke bin ubansa fadamar Bakolori ya riga ya sami wannan kariya. Wanda a ke ji wa tsoro shi ne ɗan gidan mai hali, har da gidan hakimi kansa, wanda a ke miƙa wa allo don ya yi shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida a 2019: jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban allo ko kaɗan, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. Dalili kuwa, yaro daga bakin mutane ya ke koyon magana, da amsawar uwa da wasan 'yan'uwa. Allo yana magana, amma ba ya sauraro.

WUYA DA BARCI DA KUNNE

Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5. Macen da ta ɗauko tulu daga rijiya wuyanta a miƙe ya ke, nauyin na sauka kan ƙashin baya. Amma in an sunkuyar da kai, jijiyoyin ƙeya ne ke riƙe shi. Wani likitan ƙashin baya na Niyu Yok ya yi lissafi a 2014, ya ce in an sunkuya sosai nauyin da wuya ke ɗauka ya kan kai kilo 27. Malamin da ya zauna a tabarma ya ɗora allo a cinya tun hantsi har azahar yana shigar da sunaye, wannan kaya ya ke ɗauke da shi. A ɗora allon bisa ɗan tebur ko akwati, a jingina shi ya fuskanci ido. Kowane rabin awa a miƙe tsaye. In aikin rubutu mai yawa ne, hukuma ta saya wa malami madannin rubutu na dabam, kada ya ƙare da ciwon babban yatsa.

Barci kuwa, jiki na da wani ruwa da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, shi ke kawo gyangyaɗi. Haske na danne shi. A wani asibiti na Boston an gwada mutum 12, aka sa su karatu a allo awa 4 kafin kwanciya dare biyar, sa'an nan aka sa su karatun littafi na takarda dare biyar. Aka buga sakamakon a ƙarshen 2014: daren allo barci ya kan yi jinkiri, ruwan nan ya ragu, da safe kuma su tashi da nauyin jiki. Wanda zai tashi sallar asuba ba shi da daren da zai ɓatar. Abin da ya dace shi ne a ajiye allon awa 1 kafin kwanciya, a waje da shimfiɗa. Da damina akwai ƙarin hasara, gama saurayin da ya zauna dandali har tsakar dare yana kallo, sauro ya samu, gidan sauron da aka raba masa na rataye babu kowa ciki.

Na kunne gajere ne. Abin sauraro da a ke cusawa a kunne, in an ƙure ƙararsa kullum, yana kashe jin mutum a hankali, kuma ba ya dawowa. Ma'auninsa: in wanda ke tsaye kusa ya yi magana ba a ji ba, ƙarar ta yi yawa. Mai babur da ya toshe kunne a hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba kurumta ce za ta fara samunsa ba, mota ce.

CAJI, INDA HAƊARIN YA FI YAWA

Duk abin da aka faɗa a baya gajiya ce da ciwo. Abin da ke kisa yana wajen caji, kuma nan ne ikon hakimi ya fi amfani, domin yawancin ƙauyuka ba su da wutar lantarki mai tsayawa, jama'a sun dogara ga janareta da faifan hasken rana da rumfunan masu caji.

Batirin da ke cikin allon ba ya son zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da nasa tsakanin awo 0 da 35 na ma'aunin zafi. A ƙasar Mafara kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa ya kan wuce 40, balle cikin mota da aka rufe ko ƙarƙashin rufin kwano. Batirin da ya sha zafi ko ya sha faɗuwa ya kan kumbura, sai a ga gilashin ya ɗago ko bayan allon ya yi tozo. Wannan alama ce ta wuta. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a sake sa shi caji. A fitar da shi a ajiye bisa yashi nesa da danni da rumbu. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta na kamawa da wuta. In na asali ya yi haka, ina ga na jabu? Kada a bar allo yana caji bisa katifa ko ƙarƙashin matashin kai, kada a yi barci da shi. In ya kama, a cire shi daga lantarki tukuna, sa'an nan a zuba yashi ko ruwa mai yawa, a kauce wa hayaƙin.

Abin caji mai araha shi ma abin tsoro ne. Aikinsa ya karɓi wuta mai ƙarfin 230 ya mai da ita kamar 5. Na kirki an raba ɓangarorin biyu da kyau a cikinsa. Na jabu an rage kayan don a rage kuɗi, in ya lalace sai wutar duka ta bi waya ta zo hannun mai riƙe da allo. Wanda ya fito alwala da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, ya tsaya a danshi, shi ya fi shiga haɗari. Wayar da ta zare har a ke ganin ƙarfenta, yar da ita za a yi, ba naɗe ta da leda ba.

Hayaƙin janareta na ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Wanda ya shaƙe ta ya kan ji ciwon kai da jiri da kasala, in barci ya ke yi ba ya farkawa. An sha samun gida guda sun mutu dare ɗaya a Nijeriya ta wannan hanya, jama'a su ce sammu ne ko abinci. Saboda tsoron ɓarayi mutane kan shigar da janareta zaure ko shago su rufe ƙofa. Wajibi ne a hana wannan. Wurinsa fili, ƙafa 20 daga ƙofa da taga. In an tarar da mutane sun galabaita kusa da janareta, a fitar da su iska nan take, a kai su asibiti, kada a tsaya shafa musu mai ko ba su madara.

Sai babban batir, irin na mota, wanda a ke tara wutar rana a ciki. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu mene ne dalma. A 2010 aka gane yara na mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, saboda ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 su ka rasu, dubbai su ka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF, Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. To, dalmar da ta yi wannan ɓarna ita ce cike da babban batir, kilo da yawa, tare da ruwa mai cin fata. Muddin yana rufe ba laifi. Amma shekara biyu ko uku ya ke yi ya mutu, a ƙasa mai zafi ma ya kan gaza haka, daga nan sai a jefar da shi bayan ɗaki, ko a fasa a zubar da ruwan, ko a narka dalmar a tsakar gida a sayar. Ƙurarta na zama cikin ƙasa shekaru, yaro mai rarrafe na kai hannu baki. Likitoci sun ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da ba ya cutar da yaro. Mai yawa na kawo amai da ciwon ciki da jijjiga. Kaɗan kuwa ba ya nuna alama, sai dai yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa a banza.

Saboda haka a ke roƙon kowane hakimi ya sa dagatai da masu unguwa su san inda matattun batura su ke a ƙasarsu. A ajiye su a rufe, a tsaye, a inuwa, inda yara da dabbobi ba su kai, har a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho in zai ba da sabo. Kada a yarda a fasa ko a narka cikin gari, ko kusa da rijiya, ko bakin hanyoyin ruwan Bakolori, waɗanda tun da aka gama madatsar a 1978 su ke shayar da shinkafa da kayan lambun ƙasashen nan uku. Tun da ana maganar dalma, ya kamata a sani kwallin dutse da a ke sa wa gajiyayyen ido yawancinsa dalma ne. Kada a sa wa jarirai.

Akwai kuma samari da su ka ji cewa cikin matattun wayoyi da alluna akwai zinariya. Gaskiya ne akwai, amma abin da ke cikin waya guda girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Masu ƙona irin waɗannan kaya a Legas da Ankara ta Gana don su fitar da ƙarfe, hayaƙin guba su ke sha, ribar kuwa ta dillali ce. Sana'a ce da ba a son ta kafu a nan.

JITA-JITA DA ABIN DA A KE KALLO

Za a tambayi hakimi ko gaskiya ne waɗannan na'urori na sa ciwon daji. A 2011 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon ta ƙasar Faransa ta sa iskar waya cikin jerin abubuwan da a ke tuhuma, ba waɗanda aka tabbatar ba. A 2024 aka buga wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yi, wanda ya tattara bincike 63, ba a kuwa sami alaƙa tsakanin waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, ko ga wanda ya yi shekara goma yana amfani da ita. Haka nan a 2011 labari ya cika ƙasa wai akwai lambar da in an amsa kiranta a ke mutuwa, a 2020 kuma aka ce sabon layin 5G ke kawo korona. Duka ƙarya ne. Abin mamaki, mutumin da ke tsoron iskar da ba ta taɓa kowa ba shi ne ke kwana da janareta a zaure.

Cuta kuwa tana bin gilashin ta hanyar da kowa ya sani, watau hannu. Allon da mutum ɗari su ka dangwala wa yatsa ranar rajista ba ya rasa datti. Ciwon idon nan Afolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, da mura da zawo duk ta hannu su ke yawo. A goge allon da ƙyalle mai ɗan sifirit safe da yamma, malami ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya taɓa ido, a kuma ajiye buta da sabulu inda a ke layi.

Saura abu guda wanda ya shafi ƙasashen nan fiye da sauran wurare. Cikin shekarun rashin zaman lafiya, hotunan gawawwaki da na mutanen da aka sace sun riƙa yawo daga waya zuwa waya. Yaron da ya kalli irin wannan ya kan yi firgita cikin barci, ya yi fitsarin kwance, ko ya zama ba ya jin tausayi. Babba ma ba ya tsira, musamman wanda aka taɓa kai wa garinsu hari. Ga kuma iyalin mamacin, waɗanda a ke tallar ɗan'uwansu a dandali. Wannan magana ta limamai ce, uban ƙasa ya roƙe su su sa ta cikin huɗuba. Wasannin allo su ma sun kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da su cikin littafin cututtuka a 2019, amma fa ga wanda ya bar karatu da aiki da abinci saboda su har kamar shekara guda, ba ga duk yaron da ya taɓa wasa ba.

Ana son malamin hakimi ya karanta wannan takarda a gaban dagatai a zaman wata, ya ba shugabannin makarantu da ma'aikatan asibitin ƙauye labarinta. Ranar kasuwar Talata, da ranakun kasuwannin Bakura da Maradun, duba-gari ya bi rumfunan masu caji ya ga inda janareta ya ke, ya ga ko wayoyi sun zare, ya ga ko akwai bokitin yashi kusa. In an sami yaro da jijjiga ba zazzaɓi, kuma a gidansu ana taɓa batir ko dutsen zinariya, a gaya wa likita wannan da baki lokacin da aka kai shi, a kuma rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, da sunan ƙauyen da unguwar, domin a zo a duba sauran yaran gidan.